SHARHI: Tiyatar gyaran jiki na bunƙasa a Najeriya, amma wa ke duba jini da abincin waɗanda ake yi wa?

A ranar 23 ga Oktoban 2005 Najeriya ta wayi gari da labarin rasuwar uwargidan shugaban ƙasa, Stella Obasanjo, a wani asibiti da ke Marbella a kudancin Sifaniya, jim kaɗan bayan an yi mata aikin zuƙe kitse. Saura 'yan makonni ta cika shekara 60 a duniya. A 2009 wata kotu a Malaga ta sami likitan da ya yi aikin da laifin sakaci, ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya, ta hana shi aikin likita na shekara uku, sannan ta umarce shi da biyan diyyar yuro 120,000.

A wancan lokacin, tiyatar gyaran jiki harka ce ta matan manya masu fasfo da dala. Yanzu ta sauko ƙasa. Asibitocinta sun yawaita a Lekki da Ikoyi a Legas da kuma wasu unguwannin Abuja, tallanta ya cika Instagram da TikTok, dillalai kuma na haɗa wa mutum tikiti da masauki da likita a Istanbul ko Alƙahira cikin farashi ɗaya. A Arewa ba a cika faɗin maganar a fili ba, sai dai wayar da ke hannun budurwa a Kano ko Kaduna tana nuna mata hotunan da ta Legas ke gani. A duniya baki ɗaya, ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta ISAPS ta ƙiyasta cewa an yi irin waɗannan ayyuka na fiɗa kusan miliyan 16 a 2023, kuma zuƙe kitse ne ya zo kan gaba.

Duk lokacin da wata ta rasu, muhawarar tana bin hanya ɗaya. Wasu su yi wa mamaciyar wa'azin da ba za ta ji ba, wasu su nemi a kama likita, bayan mako guda a manta. Malamai sun daɗe da faɗin matsayinsu. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a Malesiya, ta halatta tiyatar da ke gyara lahani ko cire cutarwa, ta kuma haramta wadda manufarta sauya halitta lafiyayya don son rai kawai. Amma hukuncin bai rufe asibitocin ba, kuma likitocin wannan fanni su ne dai ke gyara ƙuna da tsagewar leɓe da rage nonon da ya yi wa mace nauyi har yake sa ta ciwon baya. Saboda haka akwai tambayar da ta shafi kowa, kuma ba a cika yin ta ba: wane hali jikin yake ciki kafin wuƙa ta taɓa shi, kuma da me ake ciyar da shi bayan an ɗinke?

Haɗarin iri biyu ne

Akwai haɗarin da abinci ba shi da ta cewa a kansa. Kotun Malaga ta gano cewa bututun zuƙe kitse ya huda kayan cikin Stella Obasanjo, kuma an yi jinkirin ceto ta. Haka nan a tiyatar ƙarin mazaunai da aka fi sani da BBL, inda ake zuƙo kitse daga ciki ko kwiɓi a cusa shi a baya, babban abin tsoro shi ne kitsen ya shiga jijiyar jini ya tafi huhu ya toshe shi. Wani kwamitin ƙwararru a Amurka ya ƙiyasta a 2017 cewa mutum ɗaya cikin kimanin 3,000 na mutuwa a wannan aiki, abin da ya sa ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta Birtaniya ta shawarci mambobinta a 2018 su dakatar da shi. Sai a 2022 ta sassauta, bisa sharaɗin a tsaya a ƙarƙashin fata kada a shiga tsoka, kuma a riƙa kallon bututun da na'urar hoto yayin aikin. Wannan haɗari yana hannun likita da kayan aikinsa, ba ƙwai ko kifin da zai kare mutum daga gare shi.

Haɗari na biyu ba ya shiga kanun labarai domin a hankali yake zuwa. Ɗinki ya buɗe a kwana na takwas, miki ya soma ruwa, fatar da aka ja ta yi baƙi ta mutu, zazzaɓi ya ƙi sauka, a koma asibiti a kashe ninkin kuɗin farko. Wannan kam yana da alaƙa kai tsaye da yawan jinin mai jinya, da sukarin jininta, da abin da take ci, da magungunan da take sha a ɓoye. Shi ne kuma wanda ya fi sauƙin karewa, domin tiyatar gyaran jiki ba ta gaggawa ba ce. Mai naƙuda ko wanda mota ta kaɗe ba su da zaɓin jira. Wadda take son rage tumbi tana iya jira wata biyu ba abin da zai same ta.

Abin da miki ke nema

Ilimin ba sabo ba ne. A 1936 wani likitan Amurka, Hiram Studley, ya wallafa abin da ya lura da shi a tsakanin masu gyambon ciki da aka yi wa fiɗa: cikin waɗanda suka rame har suka rasa fiye da kashi 20 cikin 100 na nauyinsu, kusan ɗaya bisa uku sun mutu, alhali cikin waɗanda ba su rame haka ba, ƙasa da kashi 4 ne suka mutu. Tun daga nan likitocin fiɗa suka san cewa yunwa tana bin mutum har ɗakin tiyata.

Dalilin yana cikin yadda miki ke warkewa. A kwanakin farko jini yana daskarewa, wurin ya kumbura, sojojin jiki su share ƙwayoyin cuta. Daga nan zuwa kimanin mako uku jiki yana saƙa sabon nama da sababbin ƙananan jijiyoyi, yana amfani da wani zare mai suna kolajin. A ƙarshen mako na uku ƙarfin wurin bai wuce kashi 20 cikin 100 na asalin fata ba. Sai bayan kusan wata uku yake kai kashi 80, kuma a nan yake tsayawa har abada, ko da yake tabon yana ci gaba da sauya kama har shekara guda ko fiye.

Duk wannan saƙa da furotin ake yin ta, wato sinadarin gina jiki. Lafiyayyen baligi yana buƙatar kimanin giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Bayan babbar tiyata, masana abinci na ɗaga ma'aunin zuwa tsakanin giram 1.2 da 2. Mace mai kilo 70 da giram 56 ke isar ta a da, za ta koma neman wajen giram 105. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal. Idan aka haɗa ƙwai biyu da safe, kofin kindirmo, kofin dafaffen wake, yankan kifi da tsokar kaza masu girman tafin hannu, da cikin hannu na gyaɗa, an kai kusan giram 90, sauran kuma tuwo ko shinkafa su cike. Awara da ƙuli-ƙuli da alala da ɗanwake duk suna taimakawa, kuma sun fi nama araha. Idan jiki bai samu daga kwano ba, yakan juya ya ci tsokarsa, mai jinya ta rame, ɗinkin kuma ya yi rauni. Mai ciwon ƙoda dai bai kamata ta ƙara furotin ba sai da izinin likita.

Kolajin ba ya ƙulluwa sai da bitamin C. Tun zamanin jiragen ruwa masu filafilai aka lura cewa matuƙan da suka yi watanni ba 'ya'yan itace, tsofaffin raunukansu kan sake buɗewa. Gwaiba da lemu da tattasai da garin 'ya'yan kuka suna ɗauke da shi sosai. Sinadarin zink, da ke taimaka wa sababbin ƙwayoyin nama su hayayyafa, yana cikin nama da wake da gyaɗa. Bitamin A yana cikin hanta da manja da karas da zogale. Ba ɗaya daga cikinsu da ba a samu a kasuwar 'Yankaba ko ta Mile 12. Kuma ga wanda ba shi da ƙarancinsu, ƙarin ƙwayoyi masu tsada ba sa gaggauta warkewa. Zink da bitamin A ma idan suka yi yawa cutarwa suke yi.

Jinin da tun farko bai isa ba

A nan ne labarin Najeriya ya bambanta da abin da ake kwafowa daga shafukan asibitocin Miami. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Musabbabin sanannu ne: ƙarancin sinadarin ƙarfe a abinci, zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, jinin al'ada mai yawa, ƙarin mahaifa, haihuwa kusa da kusa, da kuma sikila. Gaskiya ne matsalar ta fi tsanani a tsakanin matalauta, amma ba ta bar 'yan birni masu hali ba. Mace tana iya zama mai ƙiba, fatarta na sheƙi, jininta kuwa bai kai ba.

Jini ne ke kai iska ga miki. Zuƙe kitse mai yawa da yanke fatar ciki duk suna zubar da jini, don haka wadda ta shiga da kaɗan za ta fito da ƙasa da haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki giram 12 na himoglobin a matsayin iyakar ƙarancin jini ga macen da ba ta da ciki, wata matsaya ta ƙwararru ta ƙasa da ƙasa da aka fitar a 2017 kuma ta ba da shawarar a kai 13 kafin babbar tiyata, ga namiji da mace. Gwajin yana ɗaukar mintuna, kuɗinsa bai kai na gyaran gashi ba. Gyaran ne ke cin lokaci, domin ƙwayoyin ƙarin jini na buƙatar mako shida zuwa takwas kafin a ga tasirinsu. Hanta da jan nama da wake da ganye suna taimakawa, musamman idan aka haɗa da lemu, shayi kuwa yana hana jiki tsotsar ƙarfen idan aka sha shi tare da abinci. Ruwan ganyen ugu da madara da lemun malt da ake haɗa wa mai jinya ba su isa su maye gurbin magani ba.

Mako takwas ɗin nan shi ne inda lafiyar mai jinya ke karo da aljihun asibiti. Asibitin da ya yi tallan rangwamen Disamba, ya karɓi kafin alƙalami, ya tsara mutum huɗu a rana, ba ya son jin an ɗage. Wadda ta sayi tikitin Istanbul na kwana goma ita ma ba ta son ji. Idan ta sauka ranar Litinin, aka gwada jininta ranar Talata, aka ga ya gaza, wa zai ce ta koma gida? Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙa'idar ƙungiyar masana abincin asibiti ta Turai, ESPEN, ta ce wanda ke cikin tsananin ƙarancin abinci mai gina jiki a ciyar da shi kwana 7 zuwa 14 ko da hakan zai jinkirta aikin, kuma wannan har da masu cutar daji da lokaci ke ƙure musu.

Haka batun sukari yake. Sukarin da ya hau yana raunana sojojin jiki, yana kuma ciyar da ƙwayoyin cuta. A Birtaniya ƙa'idar ita ce a nemi saukar da gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin wata uku, zuwa ƙasa da kashi 8.5 kafin tiyatar da ba ta gaggawa ba. Mutane da yawa a Najeriya suna yawo da ciwon sukari ba su sani ba, saboda haka tambayar baki ba ta wadatar ba, sai an gwada. Ga masu sigari da shisha kuwa, rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Janairun 2020 ya nuna cewa barin taba aƙalla mako huɗu kafin tiyata yana rage matsalolin miki da na huhu. Nikotin yana tsuke ƙananan jijiyoyin da fatar da aka ɗaga ta dogara da su.

Kuɗin warkewa

Za a iya cewa wadda ta iya biyan miliyoyin naira na tiyata ba za ta rasa kuɗin kifi ba. Sai dai ba duka ke biya daga rarar kuɗi ba. Akwai masu tara adashi, masu cin bashi, masu biya kashi-kashi, kuma lissafinsu yakan tsaya a ranar aikin. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da faɗuwar naira, hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40.87 cikin 100 a Yunin 2024, a ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Hukumar ta ce a Yunin 2024 mafi arhar lafiyayyen abinci ga baligi ɗaya ya kai naira 1,241 a rana, kuma nama da kifi da ƙwai da madara su ne rukunin da ya fi tsada, suna cin sama da kashi ɗaya bisa uku na kuɗin. Wannan lissafin na mai lafiya ne. Mai miki tana buƙatar kusan ninkin furotin ɗin, na tsawon mako shida ko fiye, a daidai lokacin da ba ta iya fita neman kuɗi.

Giɓin da asibitoci suka bari, 'yan kasuwa sun cike shi. Akwai gidajen jinya na bayan tiyata da ke karɓar mata su kwana, a yi musu tausa, a ba su abinci. Akwai masu sayar da shayin wanke ciki, da garin kolajin, da ƙwayoyin da ake cewa suna sa kitsen da aka dasa ya zauna. Shayin wanke ciki galibi maganin zawo ne ko na fitsari, kuma ƙarar da ruwa da gishirin jiki shi ne abu na ƙarshe da mai sabon ɗinki ke buƙata. Garin kolajin kuwa ciki yana narkar da shi kamar kowane furotin. Kuɗinsa zai sayi kiret ɗin ƙwai da ya fi shi amfani. Wani ɓangare na kitsen da aka dasa yakan narke ko me aka ci, don haka likitoci ke cewa a riƙe nauyin jiki yadda yake, kada a shiga rage cin abinci a watannin farko.

Abin da ake ɓoye wa likita

Siririyar da ke son BBL sau da yawa akan ce mata ba ta da kitsen da za a ɗiba, ta je ta ƙara ƙiba. A kasuwanninmu hanyar gaggawa sananniya ce: ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda akasari deksametason ne, wani lokaci haɗe da maganin buɗe ciki. Deksametason yana cikin rukunin sitiroyid. Yana tara kitse a fuska da ciki, yana zaizaye tsoka, yana ɗaga sukari da hawan jini, yana danne garkuwar jiki, yana kuma hana miki haɗewa. Wani abin da ya fi haɗari shi ne wadda ta daɗe tana sha, jikinta yakan daina samar da nasa sinadarin na jure wahala. Idan ta yanke shi kwatsam, ko aka yi mata fiɗa likitan sa barci bai sani ba, jininta na iya faɗuwa ƙasa a kan gadon tiyata. Maganin wannan shi ne a faɗa wa likita tun da wuri, ya tsara yadda za a janye shi a hankali.

Man bilicin ma ya shigo cikin lissafin. Adadin da ake yawan ambata daga Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da mayukan sauya launin fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Da yawa daga mayukan na ɗauke da sitiroyid masu ƙarfi da ke sirantar da fata har zaren ɗinki ya riƙa keta ta. Wannan tambaya ce da likitan da ke aiki a Najeriya ya kamata ya yi wa kowace mai jinya, ko da takardar da ya kwafo daga waje ba ta ƙunshe ta ba.

A ɗaya gefen akwai masu son ramewa kafin aiki. Alluran rage ƙiba irin su Ozempic suna jinkirta saukar abinci daga tumbi, ta yadda mutum zai yi azumin da aka ce masa amma cikinsa na cike, ya yi amai yana cikin barci, abincin ya shiga huhu. Ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka ta yi gargaɗi kan haka a Yunin 2023, sannan a Oktoban 2024 ita da wasu ƙungiyoyi suka sabunta shawarar: yawancin mutane na iya ci gaba da allurar, amma wanda haɗarinsa ya fi yawa ya koma abinci mai ruwa-ruwa na awa 24 kafin aikin. Duk wannan yana aiki ne idan likita ya sani. Wadda ta sayi allurar ta intanet ba lallai ta ambata ba, ga shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a Yunin 2024 cewa akwai jabunta a kasuwa.

Sai kuma haɗe-haɗen gargajiya da kayan mata, waɗanda ba wanda ya san ainihin abin da ke cikinsu. Wani nazari da mujallar likitoci ta JAMA ta buga a 2001 ya lissafa tsirrai takwas masu iya kawo matsala a tiyata, ciki har da tafarnuwa da ginsen da ginko, masu hana jini daskarewa da wuri. Tafarnuwar miya ba ita ake nufi ba, ana magana ne kan ƙwayoyi da jiƙo masu ƙarfi. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a ajiye irin waɗannan mako biyu kafin aiki, a kuma kai wa likita kwalaben ya gani da idonsa.

Daren aiki da makonnin da ke biye

Tsohuwar dokar nan ta kada a ci kada a sha daga tsakar dare ta sauya a asibitocin da suka ci gaba. Tun shekarun 1990 likitan ƙasar Denmak Henrik Kehlet ya nuna cewa mai jinyar da ba a galabaitar da yunwa ba, aka ba shi abinci da wuri, aka tashe shi ya taka, ya fi saurin komawa gida. Tsarin da ya samo asali daga aikinsa, wanda ake kira ERAS, yanzu ya bazu a duniya. Ƙa'idar gama-gari ita ce a daina abinci mai maiƙo awa takwas kafin aiki, abinci mara nauyi awa shida, ruwa zalla awa biyu. Kunu da koko da fura da madara ba sa cikin ruwa zalla. Kuma umarnin likitan sa barci na asibitin da za a yi aikin shi ne abin bi, domin shi ya san yanayin mai jinyarsa.

Bayan an fito, matsalar takan koma gida. A gidaje da dama akan hana mai miki ƙwai ko kifi ko gyaɗa ko miyar kuɓewa, wai suna sa ciwo ruwa. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo mugunya, kuma hana waɗannan abinci yana cire wa jiki kayan gininsa a ranar da ya fi buƙata. Abin da ya dace a rage shi ne gishiri da dunƙulen ɗanɗano, saboda kumburi, da lemun kwalba, da giya. Magungunan kashe zafi masu ƙarfi suna ɗaure ciki, yunƙurin bayan gida kuma yana takura ɗinkin ciki, don haka ruwa da ganye da gwanda suna da muhimmanci. Wadda aikinta ya faɗo kusa da Ramadan ta tsara lokacinta tun da wuri, tunda tiyatar tana iya jira, mara lafiya kuma shari'a ta ba shi rangwamen ramuwa.

Darasi daga Sakkwato

Najeriya ba ta buƙatar zuwa Turai koyon wannan. A Sakkwato akwai asibitin da aka kafa a 1999 domin masu cutar noma, wadda ke cinye naman fuskar yara, musamman 'yan shekara biyu zuwa shida da tamowa ta raunana. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana tallafa masa tun 2014, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cutar cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a Disambar 2023. Likitocin da ke sake gina fuskokin waɗannan yara 'yan fanni ɗaya ne da masu zuƙe kitse a Lekki. A can ba a kai yaro ɗakin tiyata sai an auna shi, an ciyar da shi, an ga jikinsa ya murmure, domin an san fatar da aka dasa ba ta kamawa a jikin da yunwa ta cinye. Ɗan talakan da ake yi wa aiki kyauta yana samun wannan kulawa. Babu hujjar da za ta sa wadda ta biya miliyoyi ta rasa ta.

Ina hukumomi?

Dokokin suna nan a rubuce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa kowace cibiyar lafiya mallakar takardar cika ƙa'ida, ta kuma ba mai jinya haƙƙin a yi masa bayanin haɗari da zaɓin da ke gabansa. A 2018 aka ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin marasa lafiya. Majalisar MDCN ce ke ba likitoci lasisi da ladabtar da su, HEFAMAA na sa ido kan asibitoci a Legas, PHIMA kuma kan masu zaman kansu a Kano. A 2020 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta rufe wani asibitin gyaran jiki a Legas bayan ƙorafe-ƙorafe, ta kuma gurfanar da likitarsa a kotu. Sai dai galibin irin wannan mataki bayan an yi asarar rai ko lafiya yake zuwa, kuma ƙarfin sa idon yana raguwa a ƙasar da Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya ce likitoci kimanin 16,000 sun bar ta cikin 'yan shekarun nan.

Abin da ya rage shi ne a mayar da shirin kafin tiyata sharaɗin lasisi. Hukumomin jihohi, tare da ƙungiyar likitocin fannin ta NAPRAS, za su iya tsayar da jerin gwaje-gwajen dole: jini, sukari, rukunin sikila, da rubutacciyar tambaya kan sitiroyid da man bilicin da alluran rage ƙiba. Za su iya sanya tazarar makonni tsakanin ganin likita na farko da ranar aiki, su kuma tilasta mayar da kuɗi ko ɗage rana ba tara idan gwaji ya gaza, domin tsoron asarar kafin alƙalami shi ke sa mutane ɓoye gaskiya. Gidan da ke kwantar da masu sabon ɗinki ya kamata a yi masa rajista a matsayin cibiyar lafiya, da ma'aikaciyar jinya mai lasisi da masanin abinci. Mai duba asibiti kuma ya riƙa neman fayil ya ga adadin waɗanda aka ɗage wa aiki. A ƙasar da fiye da rabin mata ke da ƙarancin jini, asibitin da bai taɓa mayar da kowa gida ba ya cancanci a bincike shi.

Kafin hukumomi su motsa, mai niyyar yin aikin tana da hanyar gwada asibiti tun ganin farko. Ta tambayi lambar lasisin likitan da shaidar ƙwarewarsa a fannin, ta tambayi wanda zai sa ta barci, ta tambayi adadin jinin da in ba ta kai shi ba za a fasa, ta kuma nemi a rubuta mata abin da za ta ci na mako shida. Idan amsar da ta samu ita ce lambar asusun banki da ranar da ta rage a kalanda, da muguwar rawa gara ƙin tashi.